BABAN SISTA BA YA BIN LAYI

Shafi na 23

Waɗanda suka cika mini waya da zagi jiya wai na yanke labari a tsakiyar numfashi, duk na gani, Allah ya ƙara muku data. Ke kuma mai cewa za ki biyo ni har gida, ki taho mini da caja, tawa ta mutu. To a gyara zama.

*

Mai tasi bai gama taka birki ba Auta ta ɓalle ƙofa ta dire.

"Baba, sauko."

"Ke, bi ni a sannu. Ba buhun gawayi kika ɗauko ba."

"Buhun gawayi ai ba ya gardama."

Ta zagayo ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatarsa. Tsohon direban manyan motoci ne fa, mutumin da a da in ya daka tsawa a tasha kowa sai ya gyara tsayuwa. Yau ga shi yana jan ƙafar hagu kamar aronta ya yi. Ƙafar na cikin safa mai kauri, safar na cikin silifa, warin kuwa ba ya cikin komai, yawonsa yake yi. Mai tasin ma tun a hanya ya sauke gilasai duka.

Da safen nan ta gano. Ta shiga yi masa shara kafin ta tafi shagon kitsonta, ta ji ɗakin na wani irin tashi. Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ja akwati, tana neman mushen ɓera. Ashe ɓeran yana ƙafar Baba. Safar ta jiƙe daga baki ta bushe ta ƙandare, idon sawun ya kumbura yana ƙyalli. Ta kai hannu za ta zare, ya buge hannun. Mai ciwon suga ne, shekara da shekaru, kuma ko ita da ba ta yi karatun asibiti ba ta san ƙafar mai suga ba a yi mata gobe.

Ta kira yayarsu, wadda ita ce Sista mai riƙe da sashen masu suga a asibitin unguwa.

"Yau muna da baƙi. Gobe."

Ƙit, ta kashe.

To kun san Auta. Kalmar "gobe" ita da ita ba sa ga maciji.

Baƙin nan kuwa ba baƙin shan ruwa ba ne. Mutanen babban ofis ne masu yawo asibiti-asibiti suna auna yadda ake kula da masu suga. Bara da suka zo, makin da suka ba sashen Yaya ko ɗalibin da ya yi barci a ɗakin jarrabawa ya fi shi. Suka ce in aka maimaita bana, za a rufe sashen, a sauke Sista.

Maigadin asibitin ya tare ƙofa da sandarsa.

"Auta, yau ba a shiga sai wanda aka kira."

"Mu ma kiranmu aka yi."

"Wa ya kira ku?"

"Ciwo."

"Ke ba na son iskanci da safe. Sista da bakinta ta ce..."

"Kawu maigadi, ka ga tsohon nan? Shi ya haifi Sistar. In kana so ka gaya wa duniya ka hana uban Sista shiga, ga wayata, bari in kunna, ka faɗa da kyau, ka ɗan yi murmushi."

Sanda ta sauka.

Suna shiga Auta ta ja ta tsaya, har Baba ya kusa kifewa.

Jama'a! Asibitin da ta sani da bango kamar an yi masa ɓarin shayi, yau fenti yake tashi. An kafa hotunan ido da na ƙafa a ko'ina. Fankar da ta mutu tun tana 'yar makaranta, yau juyawa take, tana ƙara kamar tana neman gafara. Benci kuwa a cike, amma cikar zaɓe. Babu mai bandeji, babu mai sanda, babu mai nishi. Duk waɗanda suka fi ƙoshin lafiya aka tsamo, kowa fes kamar za a ɗauke su hoto. Kuma kowa ƙafa tsirara, an jere takalmansu a gefe reras, don baƙi su ga a nan ana duba ƙafa.

Can ƙarshen bencin wata 'yar ƙaramar mata ce zaune a tsakiyar marasa lafiya, da tabarau mai igiya a wuya da takalmi shafal. Ba ta zauna a ofis ba, ba ta karɓi lemon da aka ajiye mata ba. Ita ce babbar cikin baƙin. Tana tambayar wata tsohuwa a hankali.

"Inna, yaushe aka yi miki gwajin jinin nan mai nuna sugan wata uku?"

"Eh, ana duba mini ƙafa."

"A'a, jini nake tambaya."

"Eh, da ido ma. Sista tana da kirki."

Auta ta cije leɓe. An ba Inna hadda, ta haɗa baya da gaba.

Sai ga Yaya ta fito daga ɗakin allura, farar riga ta sha guga har tana iya yanka hannu, murmushi fal fuska. Idonta ya faɗa kan Baba. Murmushin ya zube ƙasa kamar faranti.

Wallahi ban taɓa sanin Yaya na da sauri haka ba. Kafin Mai Tabarau ta ɗago kai, ta cafki hannun Baba, ta cafki gyalen Auta, ta yi kwana da su ta lungun bayan gida, ta tura wata ƙofa, ta danna su ciki, ta rufe.

Ɗakin ajiya ne. Bokitai, tsummokaran goge ƙasa, karyayyen keken guragu, kwalaye, da tsohon sikeli da aka ɓoye don kada baƙi su gani.

"Uban me ya kawo ku?"

"Uban ga shi nan a gabanki," in ji Auta. "Ki gaishe shi."

"Kada ki kawo mini raini! Me na ce miki a waya?"

"Kin ce gobe. Na gaya wa ƙafar, ta ce ba ta ji."

Baba ya lallaɓa ya zauna a kan wani kwali. "Ku rage murya, 'ya'yan nan. Ni na ce mata kada mu zo."

"Kin ji ko? Shi ma ya fi ki hankali."

"Yaya, hancinki ya toshe ne? Ba ki jin komai?"

"Ɗakin tsumma ne, me kike so ya yi, ƙanshi?"

"Tsumman yana jikin ubanki!"

Yaya ta ɗan kalli ƙafar, kallo ɗaya, ta ɗauke kai da sauri kamar wadda ta ga mai bin ta bashi.

"Ƙaramin ciwo ne. Baƙin nan da azahar za su tafi. Ku zauna a nan shiru, suna fita in wanke masa in sa magani."

"A nan? Cikin bokitai? Uban da ya kwana a kan titi yana tuƙi don ki sa farar rigar nan, shi za ki ajiye da tsintsiya?"

"Ke rufe mini baki! Kin san abin da ke kaina yau?"

"Hula."

"Kin ga mutanen da ke kan bencin can? Da ninkinsu da ke gida? In aka rufe sashen nan, ina za su je? Babban asibiti, mota biyu, layi tun asuba. Tsofaffi ne, rabinsu ba za su je ba, a gida za su ruɓe. Matar can abu uku take nema, jini, ido, ƙafa. Ta ga ƙafa ɗaya irin wannan, an gama da mu. Ke ba abin da kika sani sai tsaga kan mutane!"

"Ni ƙafa ɗaya na sani, kuma ga ta nan. Ina likita?"

"Yana tare da sauran baƙin."

"Kira shi."

"Ba zan kira ba."

"To ni zan kira, kin san muryata ba ta buƙatar lasifika."

Auta ta yi wajen ƙofa. Yaya ta riga ta, ta jingina bayanta da ƙyauren, ta ware hannuwa.

"Sai dai ki bi ta kaina."

"Ai ba nisa, gajeriya ce ke."

"Marar kunya! Yanzu kika san kina son shi? Wa ke sayo masa lemon kwalba a ɓoye? Kin ɗauka ban sani ba? Wa ke zuba masa suga a shayi in ya marairaice?"

"Sau ɗaya ne!"

Baba ya yi gyaran murya. "A rana."

"Baba!"

"To ai gaskiya ce, Auta."

Yaya ta tafa hannu. "Kin ji! Ke kika kashe ƙafar, yanzu kin kwaso ta kin kawo mini gawa ranar da ake auna ni."

Maganar ta shigi Auta, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma Auta irin mutanen nan ne da in ka soke su sai su ƙara matsowa.

"Na ji, ni na ba shi lemo. Ni jahila ce, mai kitso. Ke fa mai ilimi? Kullum sai dai ki aiko da magani a leda kamar mai aiko da cefane. Yaushe rabon da ki durƙusa ki kalli ƙafarsa? Ga baƙi can kin sa sun tuɓe takalma kamar za su tsallaka rafi, na gida kuwa ko safarsa ba ki taɓa ɗagawa ba. Wanzami dai ba ya son jarfa!"

"Ina tambayarsa! Kullum ina tambayarsa, ya ce lafiya lau!"

"A waya!"

"Kwanaki na gaya miki ina jin kamar a kan auduga nake tafiya," in ji Baba a hankali. "Kika ce tsufa ne."



"Ciwon fa, tun yaushe?" Auta ta juyo kansa.

Ya sunkuyar da kai. "Ya ɗan kwana biyu. Wata 'yar ƙusa ce a takalmi, ban ma ji shigarta ba, sai jini na gani. Na so in faɗa, sai na ji tana ta maganar baƙin nan, ba ta barci, ba ta ci. Na ce bari su zo su tafi tukuna. Kada in zama ni ne zan ɓata mata aiki."

"Ka ji! Ka ɓoye ƙafarka saboda makinta!"

"'Yata ce."

"Ni kuma a bola aka tsinto ni ko?"

"Ke ma 'yata ce. Ke ce dai mai hayaniyar."

Auta ta share hawayen da ya zubo mata da bayan hannu, cikin haushi, don ba ta gayyace shi ba.

"Shi ke nan. Ba na son gata, ba na son alfarma. Yaya, ki matsa. Zan kai shi kan benci ya zauna kamar kowa, ya tuɓe takalmi kamar kowa, a kira sunansa kamar kowa. Ai majinyacinku ne."

"Ba za a kira shi ba."

"Saboda me?"

"Na ce ba za a kira ba!"

"Saboda me? Ba a nan yake karɓar magani ba?"

"Saboda ba ya ciki! Ba ya cikin mutanenmu! Na cire shi tun bara!"





Yaya ta kai hannu bakinta, amma ina, magana zarar bunu ce.

"Kin cire shi," in ji Auta. Muryarta ta sauka ƙasa, kuma duk wanda ya san Auta ya san gara tana ihu. "Daga ina kika cire shi?"

"Ba yadda kike tsammani ba ne."

"Fassara mini. Ni mai kitso ce."

"Su... su baƙin nan, mutanen da muke dubawa suke ƙirgawa, su ga nawa ne sugansu ya sauka. Duk wanda nasa ya ƙi sauka, yana jan makin kowa ƙasa. Da muka faɗi bara, sai muka zauna, aka ce masu taurin suga a riƙa ba su magani su sha a gida, ba sai sun zo ba. In ba sa zuwa, ba a ƙirga su."

"Sai kika fara da ubanki."

"Nasa ne ya fi na kowa hawa! In na bar shi na sallami iyayen wasu, me za a ce da ni?"

Auta ta yi wata dariya marar daɗi.

Ku tuna fa, a da duk wata Baba yana zuwa asibitin nan da ƙafarsa. Ya zauna a benci, a auna shi, a cire masa takalmi, a leƙa tsakanin yatsu, ya yi wa nas-nas tsiya ya dawo gida. Sai bara Yaya ta zo da leda ta ce, Baba ka huta, ka daina wahalar layi, ni zan riƙa kawo maka. Tun daga ranar babu wanda bai ji ba. Mai shayi ya ji, mai aski ya ji, abokan zamansa na bakin titi har sun haddace. In suka tashi za su tafi asibiti sai ya gyara hula ya ce, ku je ku sha rana, Baban Sista ba ya bin layi.

Baba ya cire hular nan. Ya riƙe ta a hannu yana kallon cikinta kamar an rubuta wani abu a ciki.

"Ashe ba gata ba ne," ya ce.

"Baba, wallahi..."

"A'a. Ba komai. Na ɗauka gata ne." Ya mayar da hular, ta zauna a karkace, bai gyara ba. "Ashe kaya ne ni aka sauke don mota ta hau tudu. Mun sha yi a hanya. Sai dai mu in mun hau, muna dawowa mu ɗauka."

Wannan maganar ta fi mari. Yaya ta zame daga jikin ƙofa, idonta ya kawo ruwa, amma bakin bai mutu ba. Ta juya kan Auta, don ita ce mai sauƙin cizo.

"Hankalinki ya kwanta? Abin da kike so ke nan tun muna yara, ki ga an kunyata ni!"

"Ni na cire shi?"

"Da kin jira gobe..."

"Ki ƙara cewa gobe. Ki ƙara, don Allah, in fasa bokitin nan a kanki!"

"Taɓa ni ki gani! 'Yar baƙin ciki!"

"Mai sayar da uba da maki!"

Ƙwanƙwas. Ƙwanƙwas.

Su duka uku suka daskare.

Ƙofar ta buɗe a hankali. Mai Tabarau ce. Ashe matar nan ɗabi'arta ke nan, duk asibitin da ta je ba ta bin inda aka nuna mata, ƙofar da aka rufe ita take buɗewa. Ta kalli bokitai. Ta kalli tsohon sikeli. Ta kalli Sista da jan ido, ta kalli Auta da bokiti a hannu. Sannan ta kalli tsoho a kan kwali.

"Sannu, Baba."

"Yawwa, sannu 'yata."

"Sista, nan ma ɗakin jira ne?"

"A'a, Madam, wannan... baƙo ne. Ziyara ya kawo mini. Mahaifina ne."

"Masha Allah. A nan kike sauke baƙi?"

Yaya ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

Mai Tabarau ta ja wani bokiti ta kifa shi, ta zauna a kai, daidai gaban Baba, gwiwa da gwiwa. Hancinta ya ɗan motsa. Ba ta yamutsa fuska ba.

"Baba, kana da suga?"

Ya kalli Yaya. Ya kalli Auta. Auta ta zuba masa ido, tana roƙonsa da duk abin da ke fuskarta.

"Ɗan kaɗan," ya ce.

"Wa ke duba ka?"

"'Yata. Ai ba ta wasa da ni."

"Yaushe aka yi maka gwajin jinin wata uku?"

"Kwanan nan."

"Ido fa?"

"Shi ma kwanan nan. Garau nake gani. Ga tabaranki can, mai igiya."

"Ƙafa fa? Wa ya cire maka safa ya duba?"

"Ita. Kullum. Ko jiya ma."

"Baba!" Auta ta yar da bokitin. "Ka ji tsoron Allah! Madam, ƙarya yake yi, wallahi ƙarya yake yi! Rabon da a..."

"Ke, ban haife ki don ki ƙaryata ni a gaban mutane ba!" Tsohuwar tsawar tasha ce ta dawo, har kwalaye suka amsa. "Na ce tana dubawa!"

"To ka mutu saboda ita! Ka ba ta ƙafar ta kai ofis a ba ta maki!"

"Ya isa," in ji Mai Tabarau. Ba ta ɗaga murya ba, amma ya isan. Ta juya ga Yaya. "Sista, tun safe nake ganin ƙafafu a waje, masu kyau, har da masu mai. Ban ga an duba ko ɗaya a gabana ba. Tunda ko jiya kin duba wannan, ba za ta ba ki wuya ba. Nuna mini yadda kike yi."

"Madam, a nan babu haske, bari mu..."

Auta ta kunna fitilar wayarta, ta haska ƙafar. "Ga haske."

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Yaya ta durƙusa. Farar rigar nan mai guga ta sha ƙasar ɗakin tsumma. Ta sa safar hannu. Ta zare silifar. Ta kama bakin safar ta ja.

Safar ta ƙi.

Ta manne da nama.

"Ruwan gishiri," ta ce, ba ta san ma wa take gaya wa ba. Mai Tabarau da kanta ta miƙa hannu cikin kwali ta ɗauko mata gora ɗaya. Yaya ta jiƙa, ta jira, ta ja kaɗan, ta jiƙa, ta ja. Warin ya cika ɗakin har Auta ta toshe hanci da gyale, amma ba ta kawar da fitilar ba.

Safar ta fita.

Ba zan zana muku ba, wasunku suna cin abinci. Babban yatsan dai ya yi baƙi ƙirin kamar itacen da wuta ta ci ta bari. Na kusa da shi ya fara bin sahu. Ja kuma ya haura bayan ƙafar yana neman idon sawu.

Wani sauti ya fita daga bakin Yaya, ba kuka ba, ba magana ba.

Mai Tabarau ta leƙa waje ta ce da maigadi, wanda dama kunnensa na jikin bango, "Kira likita. Ka ce ya bar duk abin da yake yi. Yanzu." Ta dawo ta zauna. "Ci gaba, Sista. Kafin ya zo mu san iya inda ta kai."

"Yaya," in ji Auta, karon farko ba tsiya a muryarta, "yatsan ne kawai ko? Yatsa ai ba komai ba ne, mutum na tafiya ba yatsa. Ko?"

Yaya ta zaro wani siririn tsinken roba daga aljihun rigarta, kamar gashin burushi, wanda ake taɓa tafin ƙafa da shi a ji ko jijiya na da rai. Sabo fil, yau aka ɓare shi saboda baƙi.

"Baba, ka rufe ido. Duk inda ka ji na taɓa, ka ce eh."

"To."

Ya rufe ido, ya ɗaga kai sama, hula a karkace, har da ɗan murmushinsa, irin na mutumin da ya ƙudura zai ci wa 'yarsa jarrabawa.

Ta taɓa ƙarƙashin ƙaramin yatsa, ta danna har tsinken ya lanƙwasa.

Shiru.

Ta taɓa tsakiyar tafin.

Shiru.

Ta koma dunduniya. Ta hau bayan ƙafa. Ta ajiye tsinken, ta sa babban yatsanta ta danna idon sawun da ƙarfi, har wurin ya loɓa ya ƙi tasowa. Hawayenta na ɗiga a kan ƙafar, ɗis, ɗis. 

A lungu aka jiyo takun likita, da gudu.

Baba ya gyara zama a kan kwalin, idonsa a rufe gam.

"To ki fara mana, 'yar nan," ya ce. "Me kike jira? Kada ki ɓata wa baƙuwa lokaci."